Uban Da Aka Cire Daga Wasan Zahra

Kambarawa, Katsina
9 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya Legas, ya aiki, ya haƙuri da cunkoso? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Malam Isma'il yana gaishe ka, yara ma haka. Ruwa ya ɗauke, sabon gero ya shigo kasuwa.

Ka san ni da kiran waya ba mu jituwa, sai an kashe nake tuna abin da ya sa na kira. Shi ya sa na zauna na rubuto maka ta imel.

Ranar Juma'a na leƙa Gobarau na gaishe da mahaifiyarka. Hajiya Delu jikin da sauƙi, gwiwar ce dai. Amma mantuwar nan da na gaya maka da Sallah ta ƙaru. Da sunan mahaifiyata ta yi ta kirana, har ta tambaye ni ko an yaye Bilkisu. Na ce mata an yaye ta. Ɗiyarka Zahra tana gefe tana wanke kwanuka, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shugabar makarantarmu ta ɗora mani ƙungiyar wasan kwaikwayo, don za a yi gasa tsakanin makarantun sakandare na cikin gari a ƙarshen zango. Na ce wa 'yan matan kowa ta kawo labari. Sun kawo, na karanta, na gane abin da suke karantawa. Littattafan nan ne na waya, waɗanda ake sakowa gutsure-gutsure a zaurukan sada zumunta. Ɗan mai kuɗi ya dawo daga waje, motarshi ta buge mai sayar da awara, asibiti, sai soyayya. Wata har jirgi mai saukar ungulu ta saukar a Kambarawa, ban san a filin wa ba. Ban ga laifinsu ba. Mu ma mun ɓoye namu a cikin littafin lissafi, kuma karatu dai karatu ne. Abin da na lura kawai shi ne babu gidan da famfo ya ƙafe a duk labaran.

Na Zahra daban ne. Wata tsohuwa ce da hankalinta ya fara gushewa, da jikarta 'yar aji biyar da ke kula da ita. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta ɓoye takalman tsohuwar a cikin buhun shinkafa don kada ta fita. Uban yarinyar yana aiki a wani gari mai nisa, ba a ganinshi, muryarshi kawai ake ji ta waya. Labarin nata muka zaɓa. Ta sa mashi suna "Ina Takalmina?"

Ita ta ce in aiko maka. Ta ce, "Gwaggo, ki tura ma Baba, ai aikinshi ne." Ga shi nan na haɗa. Kai da ka daɗe kana sa wa finafinan waje muryar Hausa ka fi mu sanin inda labari ke tafiya da inda yake tsayawa.

Wata malama ta tambaye ni yadda muke da kai. Na ce kakata ta wajen uwa da kakanka ciki ɗaya suka fito. Ta ce a Katsina ai wannan kusa ne.

Taka ƙanwa,
Bilkisu

*

Agege, Legas
18 ga Oktoba, 2023

Ƙanwata Malama Bilkisu,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya same ni lafiya, in ban da murar da sanyin ɗakin ɗaukar murya ke sa mani. Ki gaishe da Malam Isma'il da yara. Allah ya saka maki da zumuncin da kike yi wa Hajiya.

Maganar mantuwa kada ta dame ki, tsufa ne. Ranar Lahadi mun yi waya, ta gane ni sarai, har da faɗa wai na rame, ita da ba ta gan ni ba.

Jirgin Kambarawa ya ba ni dariya. Mu ma nan hakan take. Yanzu wani dogon shiri na 'yan makaranta muke juyawa zuwa Hausa, ni ne shugaban makarantar, ni ne kuma direban bas. Kamfaninmu yana son ya fara shirya nashi na matasa da Hausa tun daga tushe, an nemi labarai, abin da ke zuwa duk irin naku ne. Ni a ganina ba yaran ne ba su da kai ba. Ba a taɓa nuna masu cewa tsakar gidansu ma labari ba ce. Manya in za su rubuta ma matasa wa'azi suke yi, matasan in za su rubuta ma kansu mafarki suke yi.

Na karanta wasan Zahra. Zan faɗi ra'ayina yadda zan faɗa wa kowane marubuci, don na san ba lallashi take nema ba. Yarinyar tana da kunne. Maganar tsohuwar kamar a zaure aka ɗauko ta. Fitowar buhun shinkafa kada a taɓa ko kalma.

Gyara biyu gare ni. Na farko, inda tsohuwar ta ɓace aka yi ta nemanta a gari. Ya yi yawa. Wannan tasirin finafinan da muke juya maku ne, in ba a yi ɓata ba sai a yi hatsari. A rage shi ko a bar shi.

Na biyu, uban. Me yake yi a wasan? Ya bugo waya ya ce, "Kowa lafiya?" A ce mashi lafiya. Ya ce, "To madalla," ya kashe. Bai san komai ba, bai canza komai ba, duk inda ya shigo wasan tsayawa yake. A cire shi kawai. Ba wanda zai ji rashinshi.

Ki nuna mata wannan saƙon ta karanta da kanta, ya fi a gaya mata. Ki ce na yaba.

Yayanki,
Ummaru

*

Kambarawa, Katsina
25 ga Oktoba, 2023

Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum. Da fatan murar ta sake ka. Mu lafiya lau, sai ƙaramin da ya yi zazzaɓi, ya warware.

Na nuna ma Zahra saƙon kamar yadda ka ce. A ofishin malamai ta karanta, a tsaye. Da ta kai ƙarshe ta koma sama kaɗan ta sake dubawa, sannan ta miƙo mani wayar ta ce, "To, Malama." A makaranta Malama take ce mani. Na ce, "Ya ce ya yaba." Ta ce, "Na gani."

Washegari ta kawo wasan ta cire uban gaba ɗaya. Yarinyar da za ta yi muryarshi daga bayan labule mun mai da ta maƙwabciya. Mun gwada, kuma gaskiyarka, wasan ya fi gudu.

Ɓatan tsohuwar kuwa ta ƙi taɓawa, ni ma ban matsa mata ba, don ba a fim ta gani ba. A watan jiya ya faru, na ɗauka ka sani. Zahra ta dawo daga makaranta ta iske Furera, maƙwabciyar da ke zama da Hajiya da rana, tana kuka a ƙofar gida. Ta zagaya bayi ne ta fito ba ta ga Hajiya ba. Aka bazu, wasu suka yi wajen masallaci, wasu kasuwa. Zahra da kayan makaranta ta yi ta bin lungu tana tambaya. Sai bayan La'asar aka same ta a Ƙofar Kwaya, zaune a bencin wani tela, Malam Ado, tana tambayar gidan mahaifinta. Ka san gidan an rushe shi tun tuni an yi shaguna. Allah ya sa telan ya san ta, ya ba ta ruwa, ya zauna yana jan ta da hira har aka zo. Tun daga ranar Zahra ke ɓoye takalman.

Da na ga ba ka sani ba, na tambayi Zahra me ya hana ta gaya maka. Ta ce ta kira ka a ranar, ka ce kana cikin ɗaukar murya, ka tambaya ko kowa lafiya. Ta ce lokacin an riga an ga Hajiya, sai ta ce maka lafiya.

Hajiya kuwa yanzu ba ta tambayarka.

Ta fannin kallo, wani shiri mai dogon zango ne ya ɗauke hankalin 'yan matan, na 'yan jami'a. Duk ranar da aka saki sabon kashi, washegari ba a gane kan aji. Na kalli kaɗan don in san abin da ake ciki. Hoton yana da kyau, ɗaliban dai ban ga sun shiga aji ba tukuna.

Taka,
Bilkisu

*

Kambarawa, Katsina
14 ga Nuwamba, 2023

Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum. Kwana biyu shiru. Ina fata lafiya, kuma ina fata saƙona na baya ya isa. Zahra ta ce kuna gaisawa a waya, don haka na san kana nan.

Hajiya lafiyarta ƙalau ta fannin jiki, tana cin abinci.

Shiri yana tafiya. Rashida, wadda za ta fito a tsohuwar, ta bi Zahra gida ta zauna da Hajiya yini guda. Ta dawo da yadda take laluben gefen tabarma da ƙafa. Ban koya mata ba, ban kuma hana ta ba.

An ɗan yi ja-in-ja a taron malamai. Malam Nu'uman, mai koyar da tarihi, ya ce bai dace a nuna babba cikin wannan hali a gaban jama'a ba, tsufa abin suturtawa ne, kuma mutane za su yi dariya. Na ce za su yi dariya a farko, ba za su yi a ƙarshe ba. Ya ce wasan makaranta ya kamata a tashi da darasi. Shugaba ta ce a yi mata gwaji ta gani. Ta kalla har ƙarshe, da za ta fita ta ce ƙanwar mahaifinta ma haka ta yi kafin ta rasu, a ɗaki aka riƙa kulle ta. Ta ce a ci gaba.

An sa ranar gasar, Asabar tara ga Disamba, da hantsi.

Bilkisu

*

Agege, Legas
19 ga Nuwamba, 2023

Malama Bilkisu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Saƙonninki duka sun iso. Gaisuwa ga mutan gida.

Ban ba da amsa ba ne don ban san da wace murya zan ba da ita ba. Na fara na goge, na fara na goge.

Kin rubuta cewa Hajiya ba ta tambayata, kika aje shi a layi shi kaɗai. Na gane. In fushi take da ni, ai ni ɗanta ne, sai ta faɗa mani, ba sai an aiko ba. In kuma ke ce kike son ki ce na yar da uwata da ɗiyata, da kin faɗa kai tsaye. Ba yawo na zo yi Legas ba. Tun da muka rabu da mahaifiyar Zahra ta yi aure a Maraɗi, Hajiya da bakinta ta ce in bar mata yarinyar, ba ni na kai ta ba. Aikin da na iya babu shi a Katsina. Wannan kowa ya sani.

Ɓatan Hajiya ban ji shi ba sai a saƙonki. Na kira Furera ta tabbatar mani. Na kira Zahra, sai gaisuwa. "Ina kwana Baba, lafiya lau Baba, ga Hajiya." Da in na kira har labarin littafin da take karantawa take ba ni, ina saurare ina cin abinci. Yanzu babu.

Maganar cire uban, wallahi maganar aiki na yi. A wajen aikinmu kullum haka muke, wannan ya yi tsawo a yanke, wancan ba ya komai a cire. Ban karanta wasan ina neman kaina a ciki ba. Sai da na ga labarin Ƙofar Kwaya na koma na buɗe shi, na ga har "To madalla" tawa ce.

Ki ce mata ta maido shi. A ba shi abin yi. Ya zo a ƙarshe, ko ya aiko da wani, ko ya ji labari ya yi kuka a waya. Akwai hanyoyi da yawa, zan iya rubuta fitowar in turo. Na janye gyarana.

Ummaru

*

Kambarawa, Katsina
21 ga Nuwamba, 2023

Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da ka amsa. Kowa lafiya, wannan karon da gaske.

Ba ka gane ni ba, laifina ne da na gajarta. Hajiya ba fushi take da kai ba. Ba ta tambayarka ne don ba ta san ka tafi ba. A wajenta kana makarantar firamare, da Azahar za ka dawo. Kullum sai ta ce ma Zahra, "Ku aje ma Ummaru tuwonshi, ku rufe, kada ƙuda su taɓa." Zahra ta zuba ta rufe, da yamma ta ba yaran Furera. In kun yi waya takan gane muryar, a kashe ta manta an yi. Abin da nake nufi ke nan. Da ina da magana da kai a kan zamanka a Legas, ka san ni, da na faɗa.

Likita nake ganin ya kamata ya duba ta. Na yi ma Zahra maganar, ta ce ba ita ke da ikon kai ta ba. Gaskiyarta.

Saƙonka na maido da uban na isar. Muna zaune a bakin dandalin makaranta bayan gwaji. Ta saurara har na gama, ta ce, "Gwaggo, wasan bai fi kyau ba yanzu?" Na ce ya fi. Ta ce, "To a bar shi. In aka maido shi ya zo a ƙarshe, ai ya zama irin na waya." Na ce babanki ya ce zai rubuta fitowar da kanshi. Ta ce, "Ya bari, yana da aiki." Ba da tsiwa ta faɗa ba, tana naɗe labule ne.

A matsayina na mai kula da wasan ina bayanta. Cire uban da ka fara cewa shi ne daidai, maido shi ba don wasan ka nema ba.

Ban sani ba ko ta ɗauki maganarka a matsayin kai kake cewa a cire ka, ko kuwa ta ɗauka ka ga kanka ka ji haushi. Ban tambaye ta ba. Na ga dai tun daga ranar ta daina kawo mani littattafan da take son in karanta mu yi gardama, sai aikin wasan kawai.

Ranar tana nan yadda na gaya maka. Ba a sayar da tikiti, iyaye na iya shiga.

Taka,
Bilkisu

*

Agege, Legas
15 ga Disamba, 2023

Ƙanwata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Na iso Legas lafiya. Ki yi haƙuri ban biyo Kambarawa na yi maku sallama ba, ki ba Malam Isma'il haƙuri. A wajen gasar ma daga nesa na hango ki kina fama da labule da yara, ban so in ƙara maki aiki ba. Ga abin da ba ki gani ba.

Da na shiga gida ranar Juma'a Hajiya tana zaune a tabarma. Ta ɗago ta ce, "Ummaru, an taso?" Na ce an taso. Ta ce in wanke hannu. Ina cin abinci tana kallona, can ta miƙo hannu ta taɓa gemuna ta ce, "Wa ya shafa maka toka?" Ta yi ta dariya. Ni ma na yi. Zahra ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗauki jakata ta kai ɗaki, ta koma madafa. Ta fi ni sanin inda komai yake a gidan da aka haife ni.

Wasan kuwa, kin san ban taɓa kallon aikin da na sa ma hannu tare da jama'a ba, mu a ɗaki muke mu gama a tura. A tsakiya na zauna. An yi dariya a buhun shinkafa kamar yadda Malam Nu'uman ya ce. Da tsohuwar ta zauna a bencin tela tana kwatanta gidan babanta, ƙofar kaza, bishiyar kaza, wurin ya yi tsit. Rashida ta iya. Matar da ke kusa da ni ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai wani dattijo a bayana ya ce da ƙarfi, yadda mutanenmu ke yi in kallo ya ci su, "Wai tsohuwar nan ba ta da ɗa ne?" Wani ya ce mashi, "Yana can." Ban juya ba.

Matsayi na biyu da aka ba ku a gasar ban yarda da shi ba. Waɗanda suka zo na ɗaya, da yaron da ya sha ƙwaya ya haukace aka yi mashi nasiha, na san irin wasan tun muna makaranta. Alƙalan sun ce naku babu waƙa kuma bai nuna mafita ba. Su ke da alƙalami.

Ranar Lahadi da safe na sami Zahra tana shara. Na ce mata abin da na rubuta don wasan na rubuta, ba wani abu ba. Ta ce, "Na sani, Baba." Na ce to me ya sa kika ɗauke mani wuta? Ta tsaya da tsintsiyar a hannu ta ce, "Ai gaskiya ka faɗa. Na rasa abin da zan ce ne." Ta ci gaba da shara. Can ta ce, "In Hajiya ta tambaye ka Malam, kada ka ce mata ya rasu, sai ta yi kuka sabo. Ka ce ya fita." Kafin Azahar kuwa ta tambaye ni mahaifina. Na ce ya fita.

Ranar Litinin na kai ta asibiti. Likitan ya ce ciwon mantuwar ba ya warkewa, amma akwai abin da ke rage saurinshi, kuma kada a bar ta da yarinya ita kaɗai. An ba mu ranar komawa a watan gobe.

Na yi magana da mai gidanmu. Akwai ɗakin ɗaukar murya a Kano da muke aiki da su jefi-jefi. In ya amince, zan koma Katsina da zama, in riƙa shiga Kano ina ɗaukar nawa ina turowa. Manyan fitowa za su bar hannuna, sai ƙanana. Ya ce zai duba bayan mun gama shirin da ke hannu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ban gaya ma Zahra ba. Ina son ki ɗan taɓa mata maganar a hankali, ki ji ko tana so. Ta saba da tafiyar da gidan, kada in zo in zame mata wani nauyin. Ke take sakin jiki da ke.

Yayanki,
Ummaru

*

Kambarawa, Katsina
18 ga Disamba, 2023

Yaya Ummaru,

Wa alaikumus salam. Barka da isa. Malam Isma'il ya ce ba komai, sai ka dawo. An yi hutu, gidan ya cika da hayaniya. Jiya na je Gobarau, Hajiya tana shan maganin, Furera ta ce tana samun barci.

Na biyun bai dame mu ba. Shugaba ta rataye takardar yabon a ofis. Wata makarantar maza ta aiko tana son a ba ta wasan ta yi, za su mai da jikar namiji. Zahra ta ce a ba su, amma su nemi wanda ya taɓa zama da tsohuwa. Malam Nu'uman ya tare ni a bakin ƙofa ya ce har yanzu yana kan ra'ayinshi, sai dai ya kai mahaifiyarshi asibiti ranar Alhamis. Ban tambaye shi dalili ba.

Allah ya sa mai gidanku ya amince. In ma bai amince ba, ranar komawa asibiti tana nan, kuma sunanka aka rubuta.

Abin da ka roƙe ni kuwa ba zan yi ba. Ba don wani abu ba. Tun Oktoba nake ɗauko magana daga nan in kai can, in ɗauko daga can in kawo nan, kuma ka ga yadda take lalacewa a hanya. Layi ɗaya na gajarta ka yi kusan wata ba ka amsa ba. Wannan maganar ta fi ƙarfin ɗan aike.

Jiya da zan fito Zahra ta rako ni har bakin titi. Muna jiran mai adaidaita ta ce, "Gwaggo, Baba ya rubuto?" Na ce ya rubuto. Ta ce, "Ya ce wani abu a kaina?" Na ce ya ce da yawa, amma ba ni zan maimaita ba. Tana kallon motoci ta ce, "To shi ya faɗa mana."

Na isar da wannan. Shi ne na ƙarshe.

Taka ƙanwa,
Bilkisu